Lafiya uwar jiki: sankarar da ke ɓuya a maƙogwaro

Galibin ciwon dajin maƙogwaro, fiye da kashi 90 cikin 100, daga fatar da ta lulluɓe cikinsa yake tasowa, kuma taba da giya ne kan gaba wajen haddasa shi. Amma akwai wani iri da ba safai ake gamuwa da shi ba, wanda lokotoro ke kira sarkoma. Daga tsoka, kitse ko jijiyoyin jini yake tsirowa. Yakan kama matashin da bai taɓa busa sigari ba, har ma da yaro ƙarami.

Wuyarsa ita ce ɓuya. Sau da yawa ƙarin yana girma ne ƙarƙashin fata lafiyayya, ido bai ganin gyambo. Shi ya sa lokotoron kunne, hanci da maƙogwaro ke zura ƴar kyamara, a ɗauki hoton sikana, sannan a gutsuro nama daga can ciki a duba da madubin likita. In aka tsaya ga saman fata, sakamako na iya cewa ba komi, alhali cuta na nan.

Tun 2021 Cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji a Yamai ta soma gashi da haske, baya ga aikin tiyata da asibitoci ke yi. Sai dai magani ya fi ci in an zo da wuri. Duk wanda muryarsa ta dushe sama da mako 3, ko haɗiya ke masa wuya, ko numfashi ke sarƙe masa, asibiti ya kamata ya nufa. Askar wanzami ta cire beli ba ta kai ga wannan cuta, lokaci kawai take cinyewa.