WAI SHIN JAMI'AR GWAMNATI TA 'YA'YAN WA CE?

Ina so mu waiwaya mu dubi ƙofar nan da muka shigo ta cikinta, domin kullum ƙara matse ta ake yi, ƙannenmu kuwa suna tsaye a waje.

An kafa hukumar JAMB a 1978. A 2005 jami'o'i suka ƙaro tasu jarrabawar tantancewa. A 2015 aka koma kwamfuta ɗungurungum. A 2025 kuma aka ɗaga mafi ƙarancin makin shiga jami'a daga 140 zuwa 150 cikin 400. Wannan ma a takarda ne kawai, don mai son karatun likita a manyan jami'o'inmu ya san ko 200 ba ta kai shi ko'ina.

Ana ce mana wai darajar ilmi ake karewa. Ni ban yarda ba. Gurabe ne suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, sai aka mai da maki rariya. In da gaske daraja ake nufi, me ya hana a fara da ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje, da ajin da ɗalibai ke leƙen lacca ta taga?

Ku duba, a 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya ba su kai 200 ba. Duk daƙiƙai ne? Haba! Yaron ƙauye da ya gama sakandare ba malamin kimiyya, bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, shi ake haɗawa tsere da ɗan mai hali da aka yi wa shekara ana biya masa lesin. Wannan ba auna ƙwaƙwalwa ba ne, auna aljihun uba ne.

Kada wani ya ce ina kiran a buɗe ƙofa kowa ya afko. A'a. Cewa na yi ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin da ke ɗaga maki ita ce mai makarantun da suka lalace, sai ta fara gyara su. A faɗaɗa karatun share fage irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta soma a shekarun 1970, wanda ya fitar da manyan malamai da yawa. A kuma cika kashi 20 cikin 100 na guraben jami'o'in tarayya da aka ware wa jihohin da aka bari baya a ilmi.

Mu da muka haye, kada mu ture kwalekwalen. Allah ya sa mu gane.