Ɗaga Ƙarfe: Mai Farawa Ba Ya Bukatar Kullum

A Yelwa, kamar sauran garuruwanmu, samari kan cika gwangwani biyu da siminti, su soka sandar ƙarfe a tsakani, su yi ta ɗagawa safe da yamma don neman faɗin ƙirji. A ganina, mafi yawan wannan wahala asara ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin jagorar da ta fitar a 2020, ta shawarci baligi da ya ƙarfafa manyan tsokokinsa aƙalla kwana 2 a mako, ɗan shekara 5 zuwa 17 kuwa kwana 3. Ga mai farawa, ɗagawa 8 zuwa 12 a jere ga kowace gaɓa ta wadatar, muddin ta ƙarshen da ƙyar ta tashi. Dalili kuwa, ƙarfin makonnin farko yawanci daga jijiyoyi yake fitowa: ƙwaƙwalwa ce ke koyon sa zaruruwan tsoka su ja tare. Kaurin tsoka sai daga baya, kuma a lokacin hutu yake ginuwa, shi ya sa ake ba tsokar da ta gaji kamar sa'o'i 48.

Ɗalibin da ke tuƙa kwalekwale a tafkin Kainji tuni kafaɗunsa da bayansa sun sami rabonsu. Tsugunawa da tashi, domin cinyoyi, shi ne ya rage masa. Malaman wasanni kuma su dubi gwangwanayen nan da kyau. Ba safai nauyinsu ke zuwa daidai ba, kuma ƙugun yaro ne ke ɗaukar bambancin.