Wasiƙa Daga Ikko: Kwamfuta A Cikin Cikin Kwamfuta

Batunmu na wannan mako wasan yara ne, amma kada manya su yi saurin juya shafi, domin da su nake.

Duk wanda ya saba zama a majalisun Agege bayan sallar lisha ya san kukan da iyaye suke yi a kan wasannin nan na waya da na kwamfuta. Yaro ya dawo daga makaranta, ya yar da jaka, ya duƙufa a kan gilashi har wuyansa ya ƙage, a kira shi aike ya yi kamar bai ji ba. Kukan nan yana bisa hanya. Galibin wasannin ba su bar wa yaro kome sai jan ido, waɗansu ma ƙofa ce ta shiga cacar ƙwallo, wadda ta riga ta cinye jarin samari da yawa. Sai dai ba a taru an zama ɗaya ba. Akwai wasa guda da nake so iyaye su san abin da ke cikinsa kafin su haɗa shi da sauran su yi masa kuɗin goro.

Sunansa Minecraft. Wani mutumin ƙasar Suwidin, Markus Persson, shi ya fito da shi a 2009, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan biyu da rabi, kuma ya zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Ba shi da labari, ba shi da ƙarshe. Fili ne fetal ake ba mai wasa, da tubala masu kusurwa huɗu iri iri, a ce gina abin da ka ga dama. Yawancin yara gidaje suke ginawa da gonaki. To, a 2010 sai aka ƙara wani abu a cikin wasan, wani jan gari da suka sa wa suna redstone, watau jan dutse, wanda in an barbaɗa shi a ƙasa yakan ɗauki wuta daga wannan wuri zuwa wancan kamar wayar lantarki. An yi shi ne don a riƙa buɗe ƙofa da ɗana tarko. Shekarar ba ta ƙare ba sai da wani matashi ya gina da shi injin lissafi mai aiki, irin wanda yake cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana bin darussan wani littafi da malamai biyu, Noam Nisan da Shimon Schocken, suka wallafa a 2005.

Mai karatu zai ce, yaya za a yi garin wasa ya yi lissafi? Bari in ɗan tsaya a nan, domin nan ne gishirin zancen yake.

Abin da masu gyara suke kira firosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke cikin kowace waya da kowace kwamfuta, ba ta san kome ba sai abu biyu: akwai wuta, ko babu wuta. Duk sauran al'ajabinta daga nan ya taso. A cikin wasan akwai wata 'yar fitila mai taurin kai, wadda kullum a kunne take, sai in an kawo mata wuta sa'an nan ta mutu. Watau ita kishiyar abin da aka gaya mata take yi. Idan kuma aka haɗa wayoyi biyu suka zuba a hanya guda, ko wacce ta kawo wuta hanyar za ta kama, tamkar gida mai ƙofa biyu, ta ko'ina ka bi ka shiga. Da waɗannan biyu ake ƙulla na uku, wanda ya yi kama da shagon 'yan haɗin gwiwa mai kwaɗo biyu: sai wannan ya zo da makullinsa, wancan ma ya zo da nasa, kana ƙofa ta buɗe. Wani Baturen Ingila, George Boole, shi ya tsara ƙa'idodin irin wannan hukunci a 1854, tun babu fitilar lantarki a gidan kowa, sa'an nan a 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki za su iya zartar da su.

Ƙidaya kuwa ga yadda take. A jera fitilu, ta farko darajarta 1, ta biyu 2, ta uku 4, ta huɗu 8, kowacce ninkin wadda ta gabace ta. In ana son a ce biyar, sai a kunna ta farko da ta uku. In ana son uku, ta farko da ta biyu. Mu a lissafin makaranta sai mun kai goma muke ajiye sifiri mu ɗauki ɗaya zuwa gida na gaba, su kuwa da an kai biyu ake ɗauka. Saboda haka in aka tara biyar da uku, gidan farko ya cika ya zuba a na biyu, na biyu ya cika ya zuba a na uku, na uku ya zuba a na huɗu, sai ka ga fitilu uku sun mutu, ta huɗu kaɗai ke ci. Takwas ke nan. Fitilu takwas a jere suna ƙirga daga sifiri har 255. Ajiya kuma, watau yadda injin yake tuna abu, fitilu biyu ne masu taurin kan nan ake sa su riƙe juna, ɗaya a kunne ɗaya a mace, su zauna haka har sai an zo an sauya su. Daga nan sai agogo, wanda aikinsa irin na makaɗin gayya ne: kowane bugu, injin ya ɗauko umurni guda, ya aikata, ya jira bugu na gaba.

Iyakarta ke nan, wallahi. Babu aljani a ciki, babu tsafi. Bambancin kawai shi ne a cikin waya waɗannan makunnai, waɗanda ake kira taranzista, sun kai dubban miliyoyi a kan abin da bai wuce farce ba, ido ba ya ganinsu. A cikin wasan kuwa kowane ɗaya ƙato ne, mai ginin yana yawo a tsakaninsu kamar mai zaga unguwa, yana bin wuta da ido daga lungu zuwa lungu, in ta tsaya ya ga inda ta tsaya. Takan tsaya kuwa, domin jan garin ba ya kai wuta fiye da tubali 15 sai an sa masa abin ƙara ƙarfi, kowane abin ƙara ƙarfi kuma yana jawo jinkiri. Ashe ka ga mai ginin tilas ya yi tunanin tazara da lokaci, ya rage kwana-kwana, ya matso da sassan da ke yawan magana da juna kusa. Wannan shi ne ainihin ciwon kan injiniyoyin da ke zana firosesa ta gaskiya.

A 2021 wani mai wasa da aka sani da laƙabin Sammyuri ya nuna wata cikakkiyar firosesa da ya gina, ya sa mata suna CHUNGUS 2. Agogonta bugu ɗaya yake yi a daƙiƙa, ma'ajiyarta ta aiki kuwa ba ta ɗaukar fiye da haruffa 256, watau ko sakin layin nan da kake karantawa ba zai shiga ba. A kwatanta da Intel 4004, firosesar farko da aka sa a kasuwa a 1971, mai taranzista 2,300, wadda take bugu 740,000 a daƙiƙa. Kunkuru ma ya fi ta sauri, har sai an yi dabarar gaggauta wasan ninki dubbai kafin a ga motsinta sosai. Duk da haka tana karɓar umurni, tana gudanar da ƙananan wasanni kamar Tetris, kuma a 2022 shi da abokansa suka sa ta gudanar da wani ɗan ƙaramin Minecraft a cikin Minecraft. A 2025 ma ya gina wata na'urar hira mai amsa tambaya da Turanci, da tubala sama da miliyan 400, wadda takan shafe wajen sa'a biyu kafin ta ba da amsa guda. Wannan na ƙarshe, a ganina, ya fi kusa da nuna bajinta. Amfanin yana can ƙasa, wajen yaron da ya gina abin tara biyar da uku da hannunsa.

To, ina ruwan Agege da wannan?

Tsakaninmu da Ikeja tafiyar 'yan mintoci ce in hanya ta yi kyau, kuma can ne kasuwar Computer Village take, a kewayen titin Otigba, wadda ta bunƙasa tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Samarinmu da yawa can suke neman abinci, kamar yadda 'yan'uwansu suke yi a Farm Centre ta Kano. Waɗansu dillalai ne, waɗansu masu sayar da caja da gilashi, waɗansu sun koyi gyara, kuma a cikinsu akwai masu hannu ƙwarai. Amma a lura da irin gyaran. A cire gilashi a sa wani, a cire batir a sa wani, a ɗaga wannan ƙwaya a dasa wata. In cutar ta kai ga ƙwaƙwalwa, sai a ce wa mai waya injin ya tafi, ya sayi wata. Ba laifin yaran ba ne, abin da aka koya musu ke nan. Sai dai sana'ar da ta tsaya a kan sauya kaya tana hannun mai ƙera kayan. Ran da ya ga dama ya manne sassan wuri guda yadda ba su ciruwa, ko ya sa wa kowane sashe lambar da waya ba ta karɓar waninsa, kuma kamfanonin sun riga sun fara, ran nan kasuwar ta ragu.

Kakanninmu da suka kafa zango a Agege ba haka suka riƙi goro ba. Gaskiya ne ba su suka noma shi ba, a gonakin Yarbawa ya fito, jirgin ƙasan da ya isa Kano a 1911 ya riƙa kwasarsa zuwa Arewa. Amma sun san goro ciki da bai. Sun san wanda zai jure tafiya da wanda ba zai kwana bakwai ba, sun san ganyen da za a naɗe huhu da shi, da lokacin da za a kwance a tsince mai sankara a yayyafa ruwa. Saninsu ne ya sa ba a iya kewaye su a cinikin. A sana'ar waya ba mu kai wannan matsayi ba tukuna, muna dai bakin ƙofa.

Ba ina cewa yaron da ya gina firosesa a cikin wasa gobe zai buɗe masana'anta a Oko-Oba ba. Masana'antar zamani guda takan ci fiye da dala biliyan goma, kuma mafi ingancin ƙwayoyin duniya a tsibirin Taiwan ake yinsu, manyan ƙasashe ma layi suke bi. Amma tsakanin mai masana'anta da mai sauya gilashi akwai matakai masu yawa da ake ci da su: mai bin zanen allon waya ya gano inda wuta ta yanke, mai rubuta umurnin da ke tafiyar da injin inbata ko famfon rijiyar burtsatse, mai zana ƙwayar kanta a aika a buga a waje. Dukansu daga fitilun nan suke farawa. Abin da ya sa wasan ya dace da talaka kuwa shi ne kayan aikinsa ba su ƙarewa, ba su ƙonewa. Yaron da ya ƙona taranzista a teburin maigidansa zai sha faɗa, wataƙila a cire a kuɗin abincinsa. A cikin wasa ya rushe sau ɗari ya sāke, ba wanda ya yi asarar kwabo.

Kada kuma wani ya ce lissafi ba gadonmu ba ne. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan hanyoyin tsara hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa.

Akwai wahaloli, ba zan ɓoye ba. Wasan na sayarwa ne, na kwamfuta kimanin dala 30, abin da ba ƙaramin kuɗi ba ne a canjin yau. Wanda ake yi a waya ya fi araha, amma jan garinsa ba ya tafiya daidai da na kwamfuta, kuma manyan gine-ginen nan duk a kwamfuta aka yi su. Ga matsalar wuta, wadda ba sai na gaya wa mutumin Ikko ba. Sa'an nan yaro yaro ne: in an bar shi shi kaɗai, farautar dodanni zai tafi, ba zai gina kome ba. Sai an sa shi a fannin gini zalla, inda babu faɗa babu mutuwa, an kuma ba shi aiki takamaimai. Ga wanda ba shi da kuɗin saye, akwai wani wasa mai kama da shi da ake samu kyauta, da can sunansa Minetest, a 2024 aka mai da shi Luanti, yana da ƙarin da ake kira Mesecons mai yin aikin jan garin, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa.

Shawarata ga shugabannin al'umma, tun daga fadar Sarkin Hausawan Agege har zuwa ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu makarantun Islamiyya, ba ta da tsada. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka makarantu da yawa sun riga sun tanadi 'yan injuna don koya wa yara danna amsa, injunan kuma zaune suke yawancin mako an lulluɓe su da ƙyalle. A ware yammacin Asabar, a samo ɗalibi guda daga cikin 'ya'yanmu da ke karatun injiniya a jami'a ko kwalejin fasaha, a biya shi kuɗin mota. 'Yan mata su ma a ba su nasu lokacin, domin aikin nan ba ya bukatar ƙarfin damtse.

Kai kuma Alhaji, in ka ga ɗanka a kan wannan wasa, kafin ka karɓe wayar ka ce ya gina maka abin da zai tara biyar da uku. Ka ba shi mako biyu. In ya kira ka, ka duba fitilu huɗun da ya jera: uku na farko su mutu, ta huɗu ta kama.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.