Mai Son Koyon Walda: Ido Kafin Inji



Duk wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, ya wuce Boɗinga da Shagari ya iso Dogon Daji, ba sai an nuna masa rumfar mai walda ba. Walƙiyar wutar da ƙarar janareto su ne allon tallarsa. A gefen rumfa ga ƙofofi da tagogi a jingine, ga amalanke yana jiran gyara, ga garmar shanu da bakinta ya cinye, ga kurar 'yan ga-ruwa da ƙafa ɗaya ta ɓalle. Haka abin yake a Tambuwal, haka yake a ƙasar Kebbe inda manoman fadama ba sa rabuwa da gyaran kayan ban-ruwa. A ƙasar noma, ƙarfe ba ya daina karyewa, mai ɗinke shi kuwa ba ya rasa na cefane.

Shi ya sa ba mu yi mamaki ba da muka ga sha'awar koyon walda tana ƙaruwa, har a wajen waɗanda suke da wani abin yi: malamin makaranta da ke son ya riƙa gyara ƙofar gidansa da kansa, ɗalibin da ke zaman jiran sakamako, manomin da ya gaji da ɗaukar garma zuwa bakin titi a tsakiyar damina. Sai dai kusan dukkansu da tambaya ɗaya suke farawa: "Nawa ne injin walda?" Mu a ganinmu, wannan tambayar ita ce ta kamata ta zo ƙarshe. Wanda ya fara da sayen inji ya zaɓi hanya mafi tsada, kuma mafi haɗari.

Mu fara da lissafin wuta. Injin walda ba fitila ba ne. Ƙaramin janareton da ke juya fanka da cajin waya ba zai ɗauke shi ba, wutar gwamnati kuma kowa ya san halinta a garuruwanmu. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Saboda haka wanda ya tattara ɗan abin da yake da shi ya sayi inji, gobe zai tarar yana bukatar babban janareto, jibi yana bukatar mai, gata yana bukatar injin yanka ƙarfe. Kafin ya iya ɗinki ɗaya mai kyau, jari ya ƙare, inji ya koma ƙarƙashin gado. Mai rumfa kuwa ya riga ya mallaki duk waɗannan, kuma janaretonsa yana aiki ko ka zo ko ba ka zo ba.

To ina kuɗin farko ya kamata su tafi? Kan ido. Hasken walda yana ɗauke da wani haske da ba a gani, wanda ke ƙona fatar ƙwayar ido kamar yadda rana ke ƙona jiki. Muguntarsa ita ce ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan wasu sa'o'i, galibi cikin dare, mutum ya farka kamar an watsa masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon ko fitila. Yawanci yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan ne ya sa aka raina shi, har wasu ke cewa sai ido ya saba. Ido ba ya sabawa. Maimaita ƙunar shekara da shekaru yana cikin abubuwan da ke jawo yanar ido. Baƙin tabarau na kwalliya da muke gani a fuskar yaran rumfa ba ya tare wannan haske yadda ake bukata, kuma ba ya rufe fuska. Abin da ake nema shi ne garkuwar fuska ta walda mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin inji ba. Idan kuma tsautsayi ya faru, a nufi asibiti, kada a ɗiga wa ido duk abin da aka ji a bakin majalisa.

Bayan ido sai fata. Rigar roba irin ta 'yan ƙwallo tana narkewa ta manne a jiki idan tartsatsi ya sauka; tsohuwar riga mai kauri ta auduga, mai dogon hannu, ta fi ta nesa ba kusa ba. Silifa ba takalmin walda ba ne. Safar hannu ta fata da bante na gaba kuwa, abin kunya ne a ce sun gagare mu a ƙasar da ta yi suna da jima da dukanci. Baduku zai ɗinka maka bante na fata mai kauri ba tare da ka je ko Sakkwato ba.

Kuɗi na biyu su tafi kan sandar walda da tarkacen ƙarfe. Sandar da aka fi amfani da ita a rumfunanmu ita ce mai lamba E6013, kuma ita ta fi sauƙi ga ɗan koyo domin tana kama wuta da wuri. Masu sana'a suna kiran siririyar geji 12, mai kaurin milimita 2.5, wadda ke son wuta tsakanin amfiya 60 zuwa 90. Mai bi mata ita ce geji 10, milimita 3.2, mai son kamar 90 zuwa 130. Ka sayi kwali ɗaya na geji 12, ka je wajen 'yan gwangwan ka auno guntayen rodi da falalen ƙarfe masu ɗan kauri. Kada ka fara da siririn ƙarfe, hudawa za ka yi ta yi har ranka ya ɓaci. Makonnin farko ba na haɗa komai ba ne. Layi za ka yi ta ja a kan falle ɗaya, ka bar tazara kaɗan tsakanin bakin sanda da ƙarfe, kamar kaurin sandar kanta, ka ɗan kwantar da hannu, ka tafi a hankali. Ka bari ya huce, ka ƙwanƙwashe ɓawon da ya rufe ɗinkin, ka duba. Idan ɗinki ya taru a sama kamar kashin tsuntsu, wuta ta yi kaɗan ko ka yi sauri. Idan gefe ya zaizaye, wuta ta yi yawa. Ranar da ka haɗa ƙarfe biyu, ka sa guduma ka yi ta duka har ƙarfen ya lanƙwashe amma ɗinkin bai saki ba, ranar ka fara zama mai walda.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Za su ce zaman rumfa ɓata lokaci ne: yaro ya shekara biyu yana sayo shayi, yana shafa fenti, yana riƙe ƙarfe yana kau da kai, ba a taɓa miƙa masa sanda ba. Akwai iyayen gida masu rowar sani, masu tsoron kada yaro ya iya ya buɗe rumfa a gefensu. Amma maganin wannan ba gudun rumfa ba ne, maganinsa magana tun ran gini. Wanda ke koyo don sha'awa ko don ƙarin hanyar samu ba yaron gida ba ne, ɗalibi ne mai biya. Ka je da wani dattijo da maigidan ke jin nauyinsa. Ka ce sandunanka naka, ƙarfenka naka, za ka riƙa zuba man da ka ƙona, ga kuma ɗan abin goro a wata, a ba ka sa'a biyu sau uku a mako lokacin da aiki ya lafa. A yanka wata uku ko huɗu, a faɗi abin da za a koya a ciki. Mai rumfar da ke kukan tsadar mai da wuya ya ƙi wannan ciniki, kai kuma ka sayi abin da bidiyon waya ba zai ba ka ba: mutumin da zai kama hannunka ya ce ɗaga, sauke, tsaya.

Ga mai son takarda a kan iyawarsa, ƙofofi suna nan. Hukumar samar da ayyukan yi ta NDE, da aka kafa a 1986, tana da tsarin tura matasa koyon sana'a wajen masu rumfuna. Hukumar ITF tana horar da masu sana'ar hannu tun 1971. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana shirya jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, wadda ko wanda ya koya a bakin titi zai iya zaunawa. A Sakkwato akwai kwalejojin fasaha na Farfaru da Runjin Sambo. Amma kada jiran sunanka ya fito a wani shiri ya hana ka farawa. Da zaman banza gara aikin kishiya.

Sai a nan maganar inji ta shigo. Bayan wata uku kana ƙona sanda, kai da kanka za ka san ko sha'awar ta gaske ce ko ta ɗan lokaci. Idan ta gaske ce, ƙananan injinan zamani da ake kira inbata sun fi tsofaffin na naɗin waya sauƙin ɗauka, sun fi su ƙarancin cin wuta, kuma ana iya daidaita ƙarfinsu daki-daki. Kada manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali su ruɗe ka. Ka tafi da maigidanka a gwada kafin ka biya. Kuma ba dole ne ka saya kai kaɗai ba. Mu da muka iya adashin biki, me zai hana mutum huɗu su haɗa su sayi inji ɗaya su raba kwanaki?

Akwai ayyukan da ɗan koyo zai ce a'a ko nawa aka taya. Tankin mai, ko durom ɗin da ya taɓa ɗaukar fetur, ba wofi ba ne ko da ya bushe. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Farin faif mai rufin tutiya yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi, sai a fili inda iska ke kaɗawa. Ba a walda a tsaye kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ko da jiƙaƙƙen hannu. Hasumiyar tankin ruwa, da ƙarfen rufin ɗaki, da duk abin da rai zai hau ko ya kwana ƙarƙashinsa, na gwanaye ne. Ka fara da murhu, da benci, da maratayin kaya.

Saura raini. Har yanzu akwai mai ganin wanda ya yi boko bai kamata a gan shi da baƙin hannu ba. Alhali ƙarfe tsohuwar daraja ce a ƙasar nan: sarautar Sarkin Maƙera ba jiya aka fara ta ba, unguwar Maƙera Assada kuma tana nan a birnin Shehu tana shaida. Mai walda ƙanin maƙeri ne, zugazugi ne kawai ya zama waya. Mu masu riƙe alƙalami ma da namu bashin. Yaron rumfa da bai iya Turanci ba, ina zai karanta cewa tabaransa ba ya kare shi? Takarda mai shafi huɗu cikin Hausa mai sauƙi, da aka rubuta bayan an zauna da masu sana'ar an ji kalmominsu, aka liƙa a rumfunan Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, za ta iya tsirar da idanun da ba mu san adadinsu ba.

Inji idan ya ƙone ana naɗa shi, idan ya mutu ana sayen wani. Ido kuwa ba a sayar da shi a kasuwar Kara. Wanda ke da ja a kan wannan, musamman masu sana'ar da ke cikinmu, fili nasa ne. Allah Ya sa albarka a abin da hannuwanmu ke nema.