Sunan Jami'a da Ƙofar Bankunan Zuba Jari

A kowace shekara, idan watan Maris ya zo ƙarshe, manyan jami'o'in Amurka kan aike da amsa ga dubban samari da 'yan matan da suka nemi gurbin karatu, na Ingila kuwa tun daga Janairu suke fara aike da tasu. Daga cikin waɗanda Allah ya yi wa baiwar hazaƙa akan sami wanda jami'a biyu ko uku suka karɓa a lokaci guda, ga Harvard ga Wharton, ko ga Oxford ga Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, sai murna ta juye ta zama zullumi, domin burinsa shi ne aikin bankunan zuba jari, kuma an sha gaya masa cewa zaɓen da zai yi yana ɗan shekara 18 shi zai yanke hukuncin sauran rayuwarsa. Abin da nake gani a wannan mas'ala shi ne, sunan jami'a yana da tasiri na haƙiƙa wanda babu mai hankalin da zai musa, amma da zarar zaɓe ya kasance tsakanin manya da manya, to, akwai abubuwa uku da suka fi sunan cancantar a auna su.

Wajibi ne tukuna a bayyana irin wannan aiki, domin ya sha bamban da na bankin da jama'a ke kai ajiya. Irin su Goldman Sachs, wanda Marcus Goldman ya kafa a New York a 1869, da Morgan Stanley da aka kafa a 1935, da JPMorgan, dillalai ne na manyan kamfanoni da gwamnatoci. Idan kamfani zai sayar da hannun jarinsa ga jama'a karon farko, ko gwamnati za ta ci bashi ta hanyar takardun lamuni, ko wani kamfani zai saye wani ɗungurungum, su ne ke ƙiyasta farashi, su nemo masu saye, su ƙulla ciniki, su karɓi la'ada. Da yake cinikin kan kai biliyoyin daloli, la'adar ma takan yi kauri, har wanda jiya ya fito jami'a yana iya fara aiki a New York da albashin da ya haura dala 100,000 a shekara, wannan kuwa shi ne sababin tururuwar da matasa ke yi.

Bankunan nan suna da jerin jami'o'in da suke zuwa ɗibar ma'aikata. A Amurka akwai Harvard da Princeton da Yale da Columbia da Jami'ar New York, da makarantar kasuwanci ta Wharton wadda Joseph Wharton ya assasa a Jami'ar Pennsylvania a 1881. A Ingila akwai Oxford da Cambridge da Imperial da UCL da Warwick, da Makarantar Tattalin Arziki ta Landan wadda aka buɗe a 1895. Galibin sabbin ma'aikata ta hanyar aikin gwaji na hutun bazara ake ɗaukarsu, kuma neman wannan gurbi yakan fara tun ɗalibi yana shekara ta biyu a Amurka, a Ingila ma tun yana shekarar farko ake gayyatarsa ziyarar mako guda. Saboda haka kafin ɗalibi ya nuna abin da ya koya, sunan makarantarsa ya riga ya yi masa magana. Malama Lauren Rivera, a littafinta mai suna Pedigree na 2015, ta bayyana yadda irin waɗannan kamfanoni ke keɓe ma'aikata da gurabe domin 'yan jami'o'i ƙalilan, alhali takardun sauran masu nema sau da yawa ba a ko duba su. Al'amarin ya yi kama da na malaman da, waɗanda kan tambayi ɗalibi a wurin wane shehi ya karɓi ijaza kafin su tambaye shi abin da ya haddace.

Masana sun yi bahasi a kan ko sunan ne ke ɗaukaka ɗalibi ko kuwa hazaƙar da ya zo da ita. Stacy Dale da Alan Krueger, a binciken da suka wallafa a 2002, sun kwatanta ɗalibai masu daraja ɗaya, wasu sun shiga manyan jami'o'i wasu sun tafi na ƙasa da su, suka tarar samunsu daga baya kusan ɗaya ne, sai dai 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda babbar jami'a ta amfana ƙwarai. A 2023 kuma Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka duba jami'o'i 12 mafiya ɗaukaka a Amurka, suka tarar cewa shigarsu, maimakon babbar jami'ar gwamnatin jiha, tana ninka damar samun aiki a fitattun kamfanoni kusan sau uku. Natijar biyun idan aka haɗa su ita ce, wanda ba shi da uba ko kawu a cikin wannan sana'a shi ya fi kowa bukatar babbar jami'a, kuma wanda ya sami gurbi a cikinta da tallafi bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Amma a lura, waɗannan hujjoji suna magana ne a kan ratar da ke tsakanin manya da waɗanda ke bayansu. Wanda ke kwana yana juyi tsakanin Harvard da Wharton, ko tsakanin Oxford da takwararta ta Landan, yana wahalar da ransa a kan bambancin da bai taka kara ya karya ba, tun da bankuna ɗaya ne ke zuwa dukkansu, jarrabawa ɗaya suke yi, kuma daga ranar da aka zauna ganawa ido da ido, abin da ke cikin kan yaro da ladabinsa su ne za su fisshe shi. Misali, Adebayo Ogunlesi, ɗan Nijeriya da ya shugabanci sashen zuba jari na bankin Credit Suisse First Boston, falsafa da siyasa da tattalin arziki ya karanta a Oxford kafin ya tafi Harvard. David Solomon, shugaban Goldman Sachs tun 2018, ƙaramar kwalejin Hamilton ya yi, Jamie Dimon na JPMorgan kuwa a Tufts ya yi digirinsa na farko.

Abu na farko da ya kamata a auna shi ne bashi. Karatu da masauki da abinci a manyan jami'o'in Amurka masu zaman kansu sun haura dala 80,000 a shekara, har shekara huɗu. Digirin Ingila shekara uku ne, amma baƙo yana biyan ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, kuma tallafi a can kaɗan ne. Sai dai Harvard da Yale da Princeton da MIT ba sa duba aljihun mai nema yayin ɗauka, ko da daga wata ƙasa ya fito, kuma Harvard ta sanar a 2025 cewa iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba ba za su biya kome ba. Wanda ya bar jami'ar da ta ɗauke masa nauyi, ya ciwo bashi ko ya sa mahaifinsa ya sayar da gida domin wadda ta ɗara ta da taki ɗaya a jerin darajojin da jaridu ke bugawa, ya ɗaure kansa tun kafin ya fara, domin ranar da aikin ya gundure shi ba zai iya barinsa ba.

Na biyu shi ne ƙasar da mutum zai sami izinin aiki, wannan kuwa ya fi shafar baƙi irin 'ya'yanmu. A Amurka bizar ƙwararru mai suna H-1B gurabe 85,000 ake bayarwa a shekara ga kamfanoni, kuma da yake masu nema sun fi guraben yawa, ƙuri'a ake jefawa, ƙuri'a kuwa ba ta san Harvard ba. Ingila ta buɗe hanya a 2021 wadda ke bai wa wanda ya gama digiri damar zama na wani lokaci ya nemi aiki. Dokokin ƙasashen biyu suna sauyawa da sauyin gwamnati, saboda haka lalle ne a bincika halin da ake ciki kafin a sa hannu.

Na uku, wanda a wurina ya fi sauran nauyi, shi ne ilimin kansa. A 2021 wasu sabbin ma'aikatan Goldman Sachs su 13 sun rubuta koke suna cewa suna aikin kimanin awa 95 a mako, barcinsu bai wuce awa 5 a dare ba, kuma sananne ne cewa da yawa daga masu shiga wannan aiki sukan bar shi bayan shekara biyu ko uku. Bankunan ma ba su da tabbas: Lehman Brothers ya rushe a watan Satumba na 2008 bayan shekara 158, Credit Suisse da aka kafa a 1856 kuwa bankin UBS ya haɗiye shi a 2023. Wanda ya zaɓi makaranta domin ƙofa ɗaya tak, idan ƙofar ta rufe sai ya rasa madafa. Wanda ya zaɓi inda zai ƙware a lissafi ko shari'a ko injiniya ko tarihi a hannun malamai na ƙwarai, yana da guzurin da zai kai shi ko'ina. Ɗalibi Musulmi kuma yana da ƙarin tambaya, domin mu'amalar waɗannan bankuna cuɗe take da riba, sai ya nemi fatawa tun da wuri, ya kuma sani cewa akwai fagen sukuk, wato takardun lamuni irin na Musulunci, wanda gwamnatin Birtaniya ta shiga a 2014, ta Nijeriya a 2017, kuma yana bukatar masu ilimi.

Kirana ga iyaye da ɗalibai shi ne, idan Allah ya kawo wannan zaɓe, a ajiye jerin darajojin da jaridu ke bugawa, a ɗauki alƙalami a lissafa abin da kowace jami'a za ta ci bayan an cire tallafi, a tambayi waɗanda suka riga suka bi hanyar, a yi shawara a yi istihara. Sa'an nan a zaɓi wadda yaro zai fita daga cikinta da ilimi mai yawa da bashi kaɗan.