Lambar P0340 a waya ba umarnin sayen sabon sensa ba ce

Matasa masu Corolla da Accord a Birnin Kebbi sun fara sabawa da wata 'yar na'ura mai girman kwalin ashana da ake kira ELM327. A soka ta a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner, sai motar ta faɗi abin da ya kunna fitilar Check Engine. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da wannan soket, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Ci gaba ne babba, domin a da sai an biya kuɗin "sa mota a kwamfuta" kafin a san komai.

Inda ake samun matsala shi ne bayan lambar ta fito. Mota tana wahalar tashi da safe, ko ta mutu a wajen Ambursa a kan hanyar Argungu, waya ta nuna P0340, Google ya ce sensan kamshaf ne. Shi ke nan, sai shagon kayan gyara. Wannan gaggawar tana cinye kuɗi a banza.

Kamshaf shi ne sandar da ke buɗe bawul ɗin inji tana rufewa. Sensan da ke gefensa yana sanar da kwamfutar mota, wadda ake kira birenbos a gareji, inda sandar take, don ta san silindar da za ta ba mai da wuta. Abin da P0340 ke nufi kawai shi ne saƙon bai iso daidai ba. Lambar tana magana ne a kan da'irar lantarkin gaba ɗaya: sensan, soket ɗinsa, wayoyinsa, har zuwa birenbos. Tamkar kira ne da bai shiga ba. Wayar wancan ce ta mutu, ko sabis ne babu? Daga nan ba a sani ba tukuna.

A ƙasar Kabi kuwa abubuwan da ke cin waya da soket suna da yawa. Zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, robar wayoyin da ke jikin inji ta bushe ta tsage. Ƙurar hunturu tana cakuɗa da baƙin man da ke zubowa daga murfin inji ta cika soket. Da damina ga ruwan hanyoyin fadama, ga masu wankin mota da ke fesa wa inji ruwa da ƙarfi. Motar da ke kwana kusa da buhunan shinkafa kuma tana da ɓeraye, su kuwa ba su raina waya.

Saboda haka batir ake fara dubawa. Lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take, ya kai 13.5 zuwa 14.5 idan tana aiki, kuma manhajar tana nuna wannan. Batir mai rauni yana iya jawo lambar a lokacin tayar da mota. Sai a cire soket ɗin sensan a duba tsatsa, mai, ko ƙarfen da ya saki. Idan mai waya uku ne, rewaya ya auna da mita ko wuta tana zuwa, ko layin ƙasa yana nan. Aikin 'yan mintuna ne.

A kuma kula da lambobin da suka zo tare. P0335 na sensan kiranshaf ce. Idan P0016 ta bayyana, sandunan biyu ba sa tafiya tare, wato ana zargin sarka ko bel ɗin taimin, ko tsohon baƙin mai da ya toshe tsarin VVT-i. A nan ko sensa goma aka canza, fitilar za ta dawo, kuma bel da ya kusa tsinkewa yana iya lalata bawul a wasu injuna.

Mafi munin ɗabi'a ita ce danna maɓallin goge lamba da zarar ta fito. Fitila ta mutu, hankali ya kwanta, amma an share bayanan da kwamfutar ta adana na lokacin da matsalar ta faru: gudun inji, zafinsa, saurin mota. Wannan ne zai nuna ko sai inji ya yi zafi yake yankewa, alamar da ke ƙarfafa zargin sensan kansa. A ɗauki hoton allon tukuna.

Makanikai suna da gaskiya idan suka ce waya ba ta gyara mota, kuma yawancin ELM327 masu araha kwaikwayo ne, wani lokaci su ƙi haɗuwa da motar. Amma makanikin da ya ji "P0340" ya ce a kawo kuɗin sensa bai ko ɗauko mita ba, shi ma hasashe yake yi. Mai mota da ya zo da hoton lambobinsa yana da damar ya nemi a auna wayoyin a gabansa, kuma idan an canza sensan, a ba shi tsohon ya ajiye a mota har sai an yi Argungu an dawo fitilar ba ta kunnu ba.