Wasan Kwamfuta Ba Zai Maye Gurbin Malamin Tarihi Ba

Sanin kowa ne cewa samarin zamanin nan sun fi daɗewa a gaban kwamfuta da wayar hannu bisa ga yadda suke daɗewa a gaban littafi. Daga cikin abubuwan da ke ɗauke musu hankali akwai wasannin dabarun yaƙi da mulki, waɗanda aka gina bisa tarihin daulolin da, irin su Rum da Girka da Masar da Farisa. A cikinsu akan danƙa wa mai wasa ragamar daula, ya gina birane, ya karɓi haraji, ya tara runduna, sa'an nan ya fita yaƙi da maƙwabtansa. Shahararru daga ciki su ne Civilization da ya fito a Amurka a 1991, da Age of Empires na 1997, da kuma Rome: Total War wanda kamfanin Creative Assembly na Ingila ya fitar a 2004.

Ko shakka babu waɗannan wasanni suna da amfani. Yaron da ya juri yin su zai san inda Bahar Rum take, zai ji labarin Hanibal, jarumin birnin Kartaj na ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya ƙetare duwatsun Alps da giwaye a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya kuma ragargaza rundunar Rumawa a Kane bayan shekara 2. Zai kuma gane da kansa cewa sarkin da ya tsananta haraji, talakawansa za su yi masa bore. Wannan ilmi ne da malamai da yawa ke shan wahala kafin su cusa shi a aji.

Amma fa kada a manta, kamfanonin da ke ƙera wasannin ciniki suka fito yi, saboda haka duk inda gaskiya ta ci karo da abin da zai burge mai saye, gaskiyar ce ke ja da baya. Rome: Total War ya fara labarinsa ne daga shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ya nuna sojojin Masar da shiga irin ta zamanin fir'aunonin da suka shuɗe kusan shekara dubu kafin nan. Alhali kuwa a lokacin gidan sarautar Tolami ne ke mulkin Masar, watau zuriyar wani kwamandan Iskandar Mai Girma, kuma da tsarin yaƙin Girkawa suke fita daga. Sai da wasu masu sha'awar tarihi suka haɗa kai, suka yi wa wasan kwaskwarima mai suna Europa Barbarorum don gyara irin wannan kuskure.

Kuskuren tufafi ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuwa shi ne darasin da ke kwance a ƙarƙashin wasan. A cikin wannan wasa dai, idan mai wasa ya ci gari da yaƙi, akan ba shi zaɓi 3: ya zauna da mutanen garin, ko ya bautar da su, ko ya karkashe su. Da danna maɓalli ɗaya an gama, kuɗi sun shigo baitulmali, garin ya yi tsit. To, wannan abu ya auku da gaske. A shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka ƙone Kartaj ƙurmus bayan sun yi mata ƙawanya ta shekara 3, kuma marubutan da sun ce mutum wajen 50,000 da suka tsira aka sayar da su bayi. Yaron da ya saba ganin irin wannan ta'asa a matsayin dabarar cin wasa, yana iya tashi da zaton cewa tarihi labarin masu ƙarfi ne kawai, kuma wanda ya ci yaƙi shi ne mai gaskiya.

Daɗin daɗawa, labarin Kartaj ɗin ma daga bakin abokan gabarta ya iso ga duniya. Littattafanta sun salwanta, sai ɗan abin da ya rage na littafin noma na Mago, wanda Rumawa suka fassara don amfanin gonakinsu. Folibiyus, marubucin da aka fi dogara da shi, yana tare da kwamandan Rumawa Sifiyo ranar da aka rushe birnin. Masu ƙera wasanni daga irin waɗannan littattafai suke ɗibar labari, don haka idon Rum ne ake ara wa yaro ya duba Afirka ta da.

Maganar ba ta tsaya a kan daulolin nesa ba. A 2021 an shigar da Hausawa cikin Age of Empires III, tare da Sarauniya Amina ta Zazzau a matsayin jagora. Abin farin ciki ne, amma baƙi ne suka zaɓi abin da za a nuna da abin da za a bari. Hausawa kuwa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga tarihin mutanen Nok na Jihar Kaduna, masu narka ƙarfe da gina mutum-mutumi tun kafin a rushe Kartaj, ga na sarakunan Kush na Sudan da suka taɓa mulkin Masar kanta, duk suna jiran wanda zai ba da su yadda ya kamata.

Bisa ga haka, hana yara wasannin ba shi ne magani ba, domin abin da aka hana a gida za su same shi a waje. Abin da ya wajaba shi ne iyaye su riƙa zama kusa, suna tambayar yaro me ya sami mutanen garin da ya ci. Malaman tarihi su ɗauki abin da ɗalibai suka gani a wasa, su gwada shi da abin da ke cikin littafi, a fitar da tsaki daga tsakuwa. Jami'o'i kuma su haɗa masana tarihi da samari masu ilmin kwamfuta, domin a sami wasannin da aka ƙera a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa masu hannu a cikin al'amarin su farga.